Na ci shari'a a Delhi, dukiyar mutanen tana Mumbai: sai na sake biyan kan sarki?

Mai Riɗi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da damuwa, kuma na san akwai lauyoyi da 'ya'yanmu masu karatu a Indiya a nan. A 2022 na tura wa wani kamfanin Indiya riɗi daga Dawanau ta Legas. Suka biya rabi, sauran suka ce wai kayan sun iso da danshi da tsakuwa, alhali an tace an gwada kafin a loda. A takardar cinikinmu an rubuta cewa in rigima ta taso ba kotu za a je ba, mai sasanci za a naɗa a Delhi. Haka aka yi. Wata goma sha huɗu ana abu ɗaya, ni ta bidiyo ma na ba da shaida. Ƙarshe ya yanke su biya ni kusan rupi miliyan 20, abin da su suke kira kuror biyu. Lauyana na can ya ce a biya harajin kan sarki a kan takardar hukuncin, na tura rupi 20,000, ya aiko min da rasit. Sai ga shi mutanen ba su da ko tsinke a Delhi. Sitonsu da asusunsu na banki duk suna Mumbai. Yanzu lauyan ya ce kafin kotun can ta taɓa dukiyarsu sai na ƙara biyan wani kan sarkin, sama da rupi dubu ɗari. Takarda ɗaya, ƙasa ɗaya, haraji biyu? Ko dai lauyan ne ya ga baƙo?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Alhaji ai ka faɗi amsar da bakinka. Ya ga baƙo, ya ga rawani. Gobe zai ce sai an biya kuɗin tawada.

Tsohon Akawu: Kai Ɗan Kwari, bar saurin ɗora wa mutum laifi. Na yi shekara talatin da ɗaya a rajistarar kotu, kuma yawancin waɗanda na ga suna zagin lauya a bakin tagata, lauyan gaskiya ya gaya musu, ita ce ba ta yi musu daɗi ba. A jira masu ilimin abin.

Almajirin Fiƙihu: Kafin su zo, Alhaji, ina da ɗan gyara. Ka ce mai sasanci. Abin da aka yi muku ba sasanci ba ne. A sulhu sai ɓangarorin biyu sun yarda da abin da aka tsayar. Wannan kuwa mutum kuka naɗa tun farko kuka ce duk abin da ya yanke ya hau kanku, ko kun so ko kun ƙi. Malamanmu tahkimi suke ce masa, shi kuma mutumin hakami. Kalmar tana cikin Suratun Nisa'i, inda aka ce a tayar da hakami daga dangin miji da hakami daga dangin mata.

Mai Riɗi: Na gode Malam. Hakami ko mai sasanci, ni dai kuɗina nake nema.

Ɗalibar Pune: Barka da yamma Baba Alhaji. Ni a Pune nake karatun digiri na biyu a fannin shari'a, kuma Pune da Mumbai jiha ɗaya ce, Maharashtra, don haka dokar da ake magana a kai ita muke karantawa. Lauyanka bai ƙirƙiri maganar ba. Bari in fara daga tushe.

A Indiya akwai tsohuwar dokar kan sarki ta 1899, tun zamanin Turawan mulki, kuma har yau tana aiki. Amma tsarin mulkinsu ya raba ikon. Gwamnatin tarayya ita ke tsayar da farashi a kan wasu takardu 'yan kaɗan da aka lissafa, irin su cek, takardar alkawarin biyan bashi, takardar lodin jirgin ruwa, inshora da cinikin hannun jari. Duk takardar da ba ta cikin wannan jerin, jiha ce ke tsayar da nata farashin. Hukuncin hakami ba ya cikin jerin tarayya. Shi ya sa kowace jiha da kuɗinta. Wasu ma ba gyara dokar 1899 suka yi ba, tasu suka kafa daban: Karnataka tana da ta 1957, Maharashtra tana da ta 1958.

A Delhi kusan rupi ɗaya ne a kan kowace dubu, shi ya sa 20,000 ta ishe ka a can. A Maharashtra a da rupi 500 ne kacal komai girman hukuncin. A watan Oktoba na 2024 suka canza, suka mayar da shi kaso: 0.75 cikin ɗari a kan hukuncin da bai wuce rabin kuror ba, wato rupi miliyan biyar, kason yana raguwa in kuɗin ya haura. Baba, yaushe aka sa hannu a naka?

Mai Riɗi: Maris 2025, 'yata.

Ɗalibar Pune: Kash. Bayan canjin ke nan. Da a ce tsohon farashin ne, abin da ka biya a Delhi ya ninka nasu sau arba'in, ba mai ce maka ko kwabo.

Amma abu ɗaya Baba: ba biya biyu ake nema a wurinka ba. Sashe na 19 na dokar Maharashtra cewa ya yi in aka sa hannu a takarda a wajen jihar, sannan aka shigo da ita, sai a lissafa abin da za a biya da a jihar aka yi ta, a cire abin da aka riga aka biya a wata jihar, a biya saura. Ciko ne. Kotun Ƙolinsu ta shimfiɗa wannan ƙa'ida tun 1963 a shari'ar kamfanin New Central Jute Mills, kan takardar jingina da aka sa wa hannu a Uttar Pradesh alhali kadarar tana Bengal ta Yamma: ka fara biyan jihar da aka sa hannu, jiha ta biyu kuma abin da ya ɗara kawai za ta karɓa, in nata ya fi yawa.

Ɗan Kwari: Ciko ya fi asalin kuɗi sau biyar, a ce masa ciko? Wannan ai cikon Bagobiri ne.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Kwari, muna da Gobirawa a zauren nan, kuma ba su da haƙuri. A ci gaba.

Lauyan Kaduna: Sannu ƙanwata, bayani ya fita. Ni ba na aiki a kotunan Indiya, amma na yi wa 'yan kasuwa biyu aiki tare da lauyoyin can, sai da na karanta dokar nan dole. Ina da ja a wuri ɗaya.

Sashen da kika kawo ba kowace takarda da ta tsallaka iyaka yake kamawa ba. Akwai sharaɗi: sai takardar ta shafi wata kadara da ke cikin jihar, ko wani abu da aka yi ko za a yi a cikinta. A shari'ar 1963 kadarar da aka jinginar tana Bengal, sunanta yana cikin takardar baƙi da fari. Hukuncin Alhaji fa? Cewa ya yi wane ya biya wane kaza. Bai ambaci sito ba, bai ambaci asusu ba, bai san da Mumbai ba. Cewa dukiyar wanda ake bi bashi ta faɗo a Mumbai, wannan dacen wuri ne, ba abin da takardar ta ƙunsa ba. Gobe in aka gano suna da wani sito a Bengaluru sai a sake lissafi da farashin Karnataka? Jibi Gujarat?

Na biyu, sashe na 36 na dokar tahkiminsu ta 1996 ya ce ana zartar da hukuncin hakami kamar dai hukuncin kotu ne. Hukuncin kotu in aka kai shi wata jiha don zartarwa ba a liƙa masa sabon kan sarki.

Na uku, kuma wannan ya fi min ƙarfi: shari'ar Sundaram Finance da Abdul Samad, Fabrairu 2018. Bashin sayen babbar mota ne. An yi tahkimin a kudancin Indiya, kamfanin ya kai takardarsa kotun Morena a Madhya Pradesh inda mutumin yake, kotun ta mayar masa, ta ce ya fara zuwa kotun da ke da hurumi a inda aka yi zaman ya karɓo takardar miƙa hukunci. Kotun Ƙoli ta ce a'a, mai hukuncin hakami ya tafi kai tsaye duk inda dukiyar take a faɗin ƙasar. An buɗe wa mutum ƙofa ke nan. In kowace jiha za ta kafa shinge a bakin ƙofar tana karɓar kuɗi, me aka yi?

Ɗalibar Pune: Yaya Barista, hujjojinka lauyoyin nan ma su suke kawowa, ba zan ce ba su da nauyi ba. Amma ka ba ni dama.

Kan tambayar Bengaluru da Gujarat: ba a tara masa. Kowace jiha tana cire abin da aka riga aka biya a baya, don haka iyakar abin da zai fita daga aljihunsa shi ne farashin jihar da ta fi tsada a cikin waɗanda ya shiga.

Kan sashe na 36: kalmar ita ce "kamar". Ana zartar da shi kamar hukuncin kotu, amma bai zama hukuncin kotu ba. Ita kanta shari'ar Sundaram ta faɗi haka, ai a kan wannan ta gina cewa ba a buƙatar takardar miƙawa, tunda ba kotu ce ta haife shi ba. Ba za ka ce ba hukuncin kotu ba ne lokacin da kake gudun takardar miƙawa, sannan ka ce hukuncin kotu ne lokacin da kake gudun haraji ba. Kuma Sundaram maganar hurumi ta yi, ba ta taɓa kan sarki ba.

Kan na farko kuma bari in tambayi Baba: a wace tasha aka sauke riɗin?

Mai Riɗi: Nhava Sheva aka rubuta a takardar lodi. Ban taɓa zuwa ba.

Ɗalibar Pune: Nhava Sheva tana Maharashtra, tsallaken ruwa daga Mumbai. A can aka sauke kayan, a can suka ce sun ga danshi, daga can ya kamata kuɗin ya fito. Lauyan gwamnatin jiha zai ce ga "abin da aka yi a cikin jihar" nan, ba sai an je maganar sito ba.

Lauyan Kaduna: To, wannan ya rage min ƙarfi, na yarda. Ban san tashar ba lokacin da na yi magana. Amma har yanzu ina nan a kan cewa takardar da ake sa wa haraji hukuncin ne, ba cinikin ba, kuma hukuncin a Delhi aka haife shi.

Tsohon Akawu: Barista, ɗana, duk abin da ka faɗa a gaban alƙali ake faɗinsa. Kafin ka ga alƙali sai ka wuce ta tagar irina. Akawu ba ya auna hujja. Yana da jerin abubuwan da zai duba, in ɗaya babu sai ya rubuta a bayan fayil ya ajiye gefe. Fayil ɗin da aka ajiye gefe kuwa Allah kaɗai ya san ranar tashinsa. Alhaji yana bin miliyan 20, ana neman dubu ɗari da 'yan kai. Ku lissafa min kuɗin lauyan da zai tsaya ya yi gardamar nan zama uku ko huɗu, ku gaya min wanne ya fi araha.

Lauyan Kaduna: Baba, da haka ake cin mutane. Kowa ya ce biya ya fi sauƙi, sai abin da ba doka ba ya zama doka.

Tsohon Akawu: Gaskiya ne. Amma ba da kuɗin riɗin Alhaji za a gyara dokar Indiya ba.

Ɗan Kwari: Ni ina da dabara. A bar asalin takardar a Delhi, a kai musu hoto. Ai asalin ne ya shigo jiha, hoto ba takarda ba ne.

Ɗalibar Pune: Sun riga ka Yaya. Sashe na 7 na dokar Maharashtra ya toshe wannan: in kwafi ne ya shigo, kuma da asalin ne ya shigo za a nemi ciko, to kwafin ma ana neman cikon a kansa. Mutanen da suka sha wuya a hannun Abdul Karim Telgi, wanda ya yi shekaru yana buga takardun kan sarki na jabu yana sayarwa har bankuna da kamfanonin inshora kafin a kama shi a 2001, ba za ka koya musu dabarar kan sarki ba. Bayan abin kunyar nan ne aka koma biya ta intanet, kowane rasit da lambarsa da ake iya dubawa. Baba Alhaji, naka ma ka sa a duba lambar, minti biyu ne.

Mai Riɗi: Zan sa yaro ya duba. Amma ku gaya min abin da ya fi damuna. In ban biya ba, ko in aka ce na biya bai cika ba, hukuncin ya lalace ke nan? Wahalar wata goma sha huɗu ta tafi a banza? Tun da lauyan ya faɗa min ban yi barcin kirki ba.

Lauyan Kaduna: A nan kam ni da ƙanwata ba mu da saɓani. Kwantar da hankalinka Alhaji, ba ya lalacewa.

Abin da doka ta ce shi ne takardar da kan sarkinta bai cika ba kotu ba za ta karɓe ta a matsayin hujja ba, ba za ta yi aiki da ita ba, kuma tana iya riƙe ta ta aika wa jami'in haraji. Amma da zarar an biya abin da ya rage da tara, ta warke. Tun 1969, a shari'ar Hindustan Steel da Dilip Construction, wadda ita ma a kan hukuncin hakami marar kan sarki ce, Kotun Ƙolinsu ta bayyana cewa dokar nan don samar wa gwamnati kuɗin shiga aka yi ta, ba don a ba wanda ake bi bashi makamin kuɓuta ba. A 2003 kuma, shari'ar Anasuya Devi da Manik Reddy, ta ce rashin kan sarki ba dalili ba ne na soke hukuncin hakami, magana ce da ke tasowa sai an zo zartarwa.

Ɗalibar Pune: Akwai lokacin da hankalin kowa ya tashi a nan, amma a kan takardar yarjejeniya ne ba hukunci ba. A Afrilu 2023 alƙalai biyar a shari'ar N.N. Global, uku suka rinjayi biyu, suka ce yarjejeniyar da ba a biya mata kan sarki ba babu ita a idon doka, ba za a ma naɗa hakami a kanta ba sai an gyara. Ba a cika wata takwas ba, ranar 13 ga Disamba 2023, alƙalai bakwai ƙarƙashin Babban Joji Chandrachud suka rushe wancan, suka ce aibi ne mai gyaruwa. Malaminmu ya ce a wannan shekarar sau biyu ya sake rubuta darasinsa.

Abin tsoro ɗaya ne, tara. A dokar 1899 tana iya kaiwa ninki goma na abin da ya rage. Maharashtra kuma da wata-wata take lissafa tata.

Mai Riɗi: Ninki goma! Inna lillahi.

Hajiya Mai Citta: Alhaji sannu, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ni citta nake turawa daga Kachia, kuma na taɓa faɗawa irin wannan da wani kamfani na can, amma ni ba a nemi kan sarki a wurina ba ko sisi. Lauyana cewa ya yi baƙo ba ya biya. Kai ma ai baƙo ne, me ya sa za a ce ka biya?

Ɗalibar Pune: Hajiya, a ina aka yi naki zaman?

Hajiya Mai Citta: Singafo. Dillalin da ya haɗa mu ne ya sa aka rubuta haka, ni lokacin ban ma san amfaninsa ba.

Ɗalibar Pune: To ga bambancin nan. Ba ke ce baƙuwar ba Hajiya, hukuncin ne baƙo. A Satumba 2018, shari'ar Shriram EPC da Rioglass Solar, wani kamfanin Sifaniya ya zo da hukuncin da aka yanke a Landan, ɗaya ɓangaren ya ce ba a biya kan sarki ba. Mai shari'a Nariman ya bi tarihin kalmar, ya nuna cewa lokacin da aka rubuta dokar 1899 hukuncin da aka yi a cikin Indiya ta Turawa ake nufi, kuma majalisa ba ta taɓa faɗaɗa ma'anar ba duk gyare-gyaren da aka yi. Saboda haka hukuncin da aka yanke a waje ba ya biya. Na Baba Alhaji a Delhi aka zauna. Ko da ɓangare ɗaya ɗan Najeriya ne, dokar 1996 tana ɗaukarsa hukuncin cikin gida.

Lauyan Kaduna: Ku dubi abin mamakin. Takarda daga Landan ta shiga Mumbai kyauta, takarda daga Delhi, babban birnin ƙasar, sai ta biya a bakin iyaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna akwai abin da bai daidaita ba.

Mai Riɗi: Ke nan da a Legas muka rubuta da ban shiga wannan ba?

Lauyan Kaduna: Da ba ka shiga wannan ba, da ka shiga wani. Najeriya da Indiya duk suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958 kan amincewa da hukuncin hakaman juna. Indiya ba ta karɓa sai daga ƙasashen da ta sanar a jaridar gwamnatinta, kuma Najeriya da Ghana suna ciki. A Legas ma akwai cibiyar tahkimin kasuwanci ta yanki tun 1989. Amma hukuncin waje sai ya fara tsayawa gaban Babbar Kotu ta amince da shi, ɗaya ɓangaren ya kawo ƙorafe-ƙorafensa, kafin a zo maganar kama dukiya. Wa'adin neman zartar da shi ma gajere ne, shekara uku, kamar yadda suka yanke a shari'ar Vedanta a 2020, alhali na cikin gida shekara goma sha biyu ne. Sannan ba kowane mai saye ne zai yarda ya zo Legas ba. Mai riƙe da kuɗi shi ke riƙe da alƙalami ranar rubuta yarjejeniya.

Hajiya Mai Citta: Wannan gaskiya ne Barista. Ni ma shekara biyu na yi a Babbar Kotun kafin in ga kuɗina, kuma kuɗin cibiyar Singafo da dala ake biya. Ba na so in tuna.

Almajirin Fiƙihu: Tambaya daga gefe. Mu a nan in aka yi tahkimi a Kano za a zartar a Legas, haka ake yi?

Lauyan Kaduna: A'a Malam, ginin namu daban ne. A tsarin mulkinmu harajin kan sarki yana cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka farashi ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba. Abin da aka raba shi ne mai karɓa: in da kamfani a ciki tarayya, in tsakanin mutum da mutum ne jiha. Babu maganar ciko don ka tsallaka iyaka. Namu ciwon kan a wani wurin yake, wajen yi wa hukunci rajista a kotun ɗaya jihar.

Ɗan Kwari: Mu dai kan sarkin da muka sani shi ne naira hamsin ɗin da banki ke zarewa in an tura dubu goma.

Mai Kula da Zaure: Kada a buɗe wannan babin, ba za mu kwana ba. A dawo kan Alhaji. Me zai yi gobe da safe?

Tsohon Akawu: Ya biya.

Lauyan Kaduna: Ya biya, amma ba da ka ba. Akwai hanya a dokarsu, sashe na 31: ka kai takardar wurin jami'in da suke kira Kalekta, ka biya ɗan kuɗi kaɗan, ka ce ya tantance a rubuce nawa ne ya hau kanta. In ya tsayar aka biya, zai buga mata shaida cewa ta cika, daga nan lauyan ɗaya ɓangaren ba shi da abin kamawa. Don ku sani, ba jihar ce za ta fi tayar da maganar nan ba, wanda ake bi bashi ne. Shi ba ruwansa da ko gwamnati ta samu kuɗi, wata shida yake nema ya kwashe abin da ke asusu. Kuma Alhaji, lauyanka ya rubuta cewa kana biya ne ba tare da ka amince ya hau kanka ba, ya kuma duba abin da hakami ya ce kan kuɗin ɗawainiyar shari'a, ko akwai hanyar ɗora musu shi.

Tsohon Akawu: Ashe dai ka dawo tagata.

Lauyan Kaduna: Na dawo Baba, amma da takardar ƙorafi a hannu.

Ɗalibar Pune: Ƙari ɗaya kan na Yaya Barista. Zuwa wurin Kalekta yana cin lokaci, wani sa'in makonni. Kada a jira shi kafin a shigar da takardar zartarwa a Babbar Kotun Bombay, wato ta Mumbai, har da roƙon kotu ta sa su bayyana kadarorinsu da rantsuwa ta kuma hana su taɓawa. Kuma Baba, sun kai ƙarar neman soke hukuncin? Wata uku doka ta ba su, da ƙarin kwana talatin in suna da uzuri.

Mai Riɗi: Ba su kai ba. Lauyan ya ce lokacin ya wuce musu. Shiru kawai suka yi, wayata ma ba sa ɗauka.

Ɗalibar Pune: Alhamdu lillahi, wannan babban abu ne. Saura tambaya ɗaya, kuma da ita ya kamata in fara. Asalin takardar hukuncin yanzu tana ina? Sashe na 18 na dokar Maharashtra ya ba da wata uku daga ranar da takarda ta fara shigowa jihar a biya ba tare da tara ba. Daga ranar shigowa ake ƙirgawa, ba daga ranar da aka kai ta kotu ba.

Mai Riɗi: Tana wurin abokin aikin lauyana a Mumbai. Ya ce ya aika masa tuntuni don ya fara shiri.

Lauyan Kaduna: Tuntuni yaushe? Nemo ranar Alhaji. Ba ranar da ya gaya maka ba, ranar da ke jikin rasit ɗin masu kai saƙo.

Mai Riɗi: Ku ba ni minti biyar, yana cikin saƙonnin WhatsApp.

Ɗan Kwari: Ni dai na janye maganar ganin baƙo. Rabi.

Mai Riɗi: Na gani. Yau wata biyu da kwana goma sha ɗaya da aka sa hannun karɓa a Mumbai.

Ɗalibar Pune: Kwana goma sha tara ke nan suka rage, kuma akwai Asabar da Lahadi a ciki, ban da ranakun hutun jiha. Baba, in haka ne kada a tsaya jiran Kalekta ya gama lissafi. Lauya ya lissafa da kansa a biya ta intanet, a kai rasit ɗin tare da takardar neman tantancewa.

Lauyan Kaduna: Na yarda. Muna gardamar sashe na 19 ashe agogo yana tafiya. Alhaji, suna gabanmu da awa huɗu da rabi, yanzu dare ya yi a can. Tura masa saƙo yanzu ya tarar da shi da safe, in ka idar da sallar asuba ka kira shi, lokacin ya shiga ofis. Ka ce ya turo maka lissafin a rubuce, sashe da kaso da abin da aka cire na Delhi, ka sako mana a nan mu gani kafin ka tura kuɗi.

Mai Riɗi: Na tura masa. Alama ɗaya ce ta fito, bai buɗe waya ba. Allah ya saka muku da alheri, ke kuma 'yata Allah ya ba da sa'ar karatu. Sai da safe in ya amsa.